Ramin da Aka Bar Mana a Tsakiyar Kogi

Daga:
Magatakarda,
Ƙungiyar Matuƙa Jiragen Ruwa da Kwalekwale,
Reshen tashar gangare.

12 ga Fabrairu.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Ofishin Gyaran Kogi da Tasoshin Ruwa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: AIKIN YASHE KOGI DA AKA FARA BA A KAN LOKACI BA, AKA TSAYAR A RABI, DA JININ DA YA ZUBA SABODA HAKA

Bayan gaisuwar ban girma gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina rubuto wannan takarda ne da umarnin ƙungiyarmu, wadda ta ɗora mini aikin magatakarda don na fi sauran daɗewa a aji. An gargaɗe ni in rubuta da sanyin rai, in ajiye zuciyata a bakin ƙofa. Zan yi iyakar ƙoƙarina. Sai dai ina neman afuwa tun da wuri, domin mutumin da za ka ji an yanke wa ƙafa a wannan takarda yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gefen katifarsa nake wannan rubutu, yana kallon rufin ɗaki.

Kamar yadda ofishinka ya sani, tsakanin tasharmu ta gangare da tashar tudu akwai wani tudun yashi da ke tare hanya duk lokacin da ruwa ya ja baya. Shi muka daɗe muna roƙon a yashe. Ga abin da ya biyo baya.

1. A watan Maris na bara aka sanar da mu cewa an amince da aikin. Mun yi murna irin wadda yanzu nake jin kunyar tunawa. Ni kaina na tsaya a kan benci na yi jawabi. A lokacin ruwa ya janye, yashin yana fili, ko makaho zai laluba ya san inda za a haƙa. Amma kuɗin aikin bai fito ba. Sai ranar 19 ga Agusta aka jawo injin yashe kogi, lokacin da ruwa ya cika ya batse, yana gudu ja wur, ɗauke da itatuwa da mushen dabbobi. Abin da injin ya tsotse da safe, kafin la'asar igiyar ruwa ta mayar da rabinsa. Ba ma zargin injiniyan aikin. Shi da bakinsa ya gaya mana a rumfar ƙungiya cewa ya san ba lokacinsa ba ne, amma an ce masa in bai fara ba kafin a rufe lissafin shekara, kuɗin zai koma inda ya fito. Ranka ya daɗe, na karanta labarin koguna da yawa a littattafai, manya da ƙanana, ban taɓa cin karo da wanda ke duba kalandar ofis kafin ya cika ko ya janye ba.

2. Ranar 8 ga Nuwamba injin ya yi shiru. Ɗan kwangila ya ce kaso na biyu na kuɗinsa bai fito ba, ya kwashe ma'aikatansa ya bar maigadi guda. Abin da aka bar mana shi ne rami mai zurfin da dogon gora ba ya taɓa ƙasansa, wanda ya taso daga ɓangarenmu ya ratsa rabin tudun yashin, sannan ya tsaya cak, bakinsa a tsaye kamar bangon rijiya. Ba a kafa sanda ba, ba a ɗaura ko jarka guda ta nuna inda ya ƙare ba. Ruwan kuwa gurɓatacce ne, ido ba ya ganin ƙasa. Injin yana nan daure a gefe, mutanenmu suna kiransa Amarya, wai an kawo ta da guɗa ta shiga ɗaki ta ƙi fitowa aiki. Mun yi dariyar wannan suna har zuwa watan Janairu.

3. Dole in bayyana wa Mai Girma yadda muke aiki, domin a nan abin ya same mu. Idan jirgi ya hau yashi ya kafe, matuƙi ba ya tsayawa shawara. Igiyar jirgin yake ɗaurawa a ƙugu, ya dira cikin ruwa ya ja, saboda kowa a cikinmu ya tashi ya san ruwan wurin iyakarsa gwiwa. Ba a dubawa. Ƙafa ce ke dira tun kafin kai ya yi tunani, kamar yadda mutum ke sauka daga gadonsa.

Ranar 23 ga Janairu da hantsi, yayana, wanda kowa ke kira Dogo, ya taso da lodin siminti da kwanon rufi. Gaban jirginsa ya hau yashi. Ya ɗaura igiya, ya ce wa fasinjojinsa su riƙe hulunansu, ya dira ta hannun dama. Hannun dama kuwa ramin ne. Ya nutse gaba ɗaya, bakin yashin ya rufta, jirgin ya zame ya bi ta kansa, igiyar ta ja shi ƙarƙashi. Dogo ya iya ruwa fiye da yadda ya iya tafiya. Ya kwance kansa ya ɓullo ta baya. Daidai nan wani jirgi na tashar tudu ya taho da gudunsa, domin duk mai son tsallake yashin nan sai ya taho da ƙarfi. Farfelar injinsa ta kama ƙafar yayana ta hagu, ƙasan gwiwa.

Ina bakin tasha. Na ga ruwan ya canja launi kafin in ji ihun. Da aka ɗago shi, ƙafar tana reto, fata ce kawai ke riƙe da ita, ƙashin ya fito fari fat. Bai suma ba, kuma wannan ne abin da ya fi hana ni barci. Yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wa ya kwashe ƙasar. A asibiti likita ya ƙarasa abin da farfela ta fara. Matarsa tana da ciki, 'yarsa ta fari kuma kullum sai ta ɗaga zanen da aka rufe shi da shi ta leƙa.

4. Mai tuƙa wancan jirgi, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Gudu, bai gudu ba. Shi ya fara faɗawa ruwa ya tallabo Dogo. Amma jini ya riga ya hau kan mutanenmu. Yana fitowa gaɓa, rigarsa jiƙe da jinin yayana, aka tare shi ana ce masa makaho, ana ce masa ɗan tudu mai tuƙi da gindi. Wani ya sauke masa filafilin tuƙa kwalekwale a tsakiyar kai, na ji ƙarar kamar an fasa busasshen ice. 'Yan tashar tudu suka hango, suka taho cikin jirage cike da gora da sarƙa da adda. Mutanen da suka shekara suna ara wa juna mai da igiya suka shiga saran juna a cikin ruwa iya ƙugu. An karya haƙarƙari, an tsinke kunne, an danna kan wani dattijo cikin ruwa har ya daina motsi kafin a janye shi. Mahaifina, wanda ya shiga rabo da hannu biyu a sama, adda ta raba masa tafin hannu. An fasa ƙasan jirage uku, an cinna wa rumfarmu wuta.

Akwai abin da ba na ƙungiya ba ne, amma zan faɗa, ko da za a cire ni daga muƙamina. Sarkin Gudu yayan yarinyar da nake nema da aure ne. Ita ce ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin bakin kogi. Da yammacin ranar, da allura ɗaya da zare ɗaya ta ɗinke kan yayanta, ta juyo ta ɗinke hannun mahaifina, tana ce masa sannu Baba, hawaye na ɗiga a kan safar hannunta. Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba, sai da zan fita ta ce mu maza ba mu da abin kawo mata sai jini, kada in sake taka ƙofar gidansu sai ranar da tasoshin nan biyu suka ajiye makamai. Ina ganin gaskiyarta. Tun ranar duk wanda zai hau ruwa da adda a ƙarƙashin bencinsa yake hawa, kuma hanyar da ta rage ba ta ɗaukar jirgi biyu a jere. Kowace safiya sai an yi cirko-cirko a bakin yashin, ana zagin iyaye.

5. Ranar 6 ga Fabrairu maigadin injin ya shaida mana cewa an aiko masa ya shirya, za a zo a janye injin zuwa wani aiki kafin ƙarshen wata. Ma'ana a tafi a bar mana ramin, a daidai lokacin da ruwa ya janye, wato lokacin da ya kamata a ce aikin yake farawa. Da labarin ya bazu, samarinmu suka tara jarkokin fetur, suka ce in dai Amarya ba za ta yi aiki a nan ba, to ba za ta yi a ko'ina ba. Maigadin, bawan Allah mai 'ya'ya, a cikin injin yake kwana. Da ƙyar dattawa suka ƙwace jarkokin. Ba na jin za su iya ƙwacewa karo na biyu.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Mai Girma Darakta:

Na farko, a dakatar da janye injin, a saki kaso na biyu na kuɗin aikin yanzu, a ƙarasa yashe tudun kafin ruwan sama ya sauko. In aka sake jira har Agusta, kuɗin gwamnati za a sake zubawa a ruwa.

Na biyu, a kafa alamu a bakin ramin cikin makon nan. Mun kafa gora da tsumma, yashin yana ruftawa da su.

Na uku, ofishinka ya turo wakili ya tsaya gaban tasoshin biyu ya faɗa da bakinsa cewa ba Sarkin Gudu ne ya haƙa ramin ba. Mu mun faɗa, ba a saurare mu ba. Sannan a duba lamarin Dogo da iyalinsa, da sauran waɗanda suka ji rauni ta kowane ɓangare.

A ƙarshe, wajibi ne in isar da abin da aka yanke a taronmu na jiya, wanda aka yi a kan tokar rumfarmu. Shugaban ƙungiya ya miƙe ya ce ba wanda zai ƙona injin, kuma ba wanda zai janye shi. Daga ranar 20 ga wata za mu ɗaure jiragenmu kewaye da shi, baki da baki, ba fito ba lodi, har sai ya koma aiki. An aika wa tashar tudu su zo su ɗaura nasu tare da namu. Ba su amsa ba tukuna. Na dawo gida na gaya wa Dogo. Sai ya ɗaga murya yadda har matan tsakar gida suka ji, ya ce a ɗauke shi da katifarsa a shimfiɗa a jirgin gaba, duk wanda zai zo taɓa injin nan, ko da fetur ko da takardar ofis, ta kansa zai bi. Mahaifina ya ce shi zai kama katifar ta gaba da hannunsa mai lafiya. Ni zan kama ta baya.

Ba barazana muke yi ba, ranka ya daɗe. Mun fi son wakilinka ya riga mu isa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci, ya sa wannan takarda ta iso hannunka da kanka.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Magatakarda, ƙanin Dogo,
a madadin matuƙan tashar gangare.