Kifin Tsohuwa a Lyon

Shekara huɗu da wata bakwai ke nan rabona da Damagaram, ya Raliatou, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya, hadarin farkon damina da manomi ke ɗaga kai yana jira! Ina gaishe ki gaisuwar wanda ƙishi ya kama. Yaya Inna da ciwon ƙafarta?

A saƙonki na ƙarshe kin tambaye ni, kina dariya, wai mutumin da ba ya cin girkin kowa, wa ke ciyar da shi a Faransa? Kwana goma ina juya amsar. Ga ta nan, kuma ba ta da daɗi.

Kin san halina, Inna ma da ta haife ni ta gaji. Kin tuna satin farko na aurenmu, da na ture kwano don na ga albasa na iyo a miya? Kika zauna bakin murhu kina tsince ta ɗaya bayan ɗaya da cokali, hayaƙi na sa ki hawaye, kina hararata kina murmushi. Ranar da zan taso na rantse miki ba abincin da zai ƙara yi mini daɗi sai na hannunki. Kuma na riƙe, wallahi na riƙe! Burodi, shayi, dafaffen ƙwai, farar shinkafa da mai. Har Mounkaila, abokin ɗakina, ya daina yi mini tayi.

Ran Talata ne aka karya ni. Maigidana, ɗan ƙasar Sin ɗin nan da nake ɗaukar wa kwalaye a Aubervilliers, nan gefen Paris, ya tura ni da babbar mota kamiyo in kai takalma shagon ƙanensa a Vénissieux, can Lyon. Ba na son mutumin nan, kin sani. Bayana ya ƙare da ɗaukar kaya a deponsa, takarduna kuwa har yau sai gobe sai jibi. Amma ba zan yi masa ƙarya ba: ya buga wa mahaifiyarsu da ke can waya ya ce Musulmi ne zai zo. Tsohuwar nan ta je ta sayi sabuwar tukunya domina, ba ta ɗora nama ba sam. Da na isa gidanta, ta kai ni kicin ta nuna mini tukunyar, takardar kanti na manne a jikinta. Ki faɗa mini, hasken raina, da wane baki zan ce na ƙoshi?

Na zauna kamar wanda za a yi wa aski da kwalba. Ga ƙwai baƙi wuluk kamar an tono shi daga tabo. Ga wani abu mai santsi yana rawa a faranti, ban tambayi sunansa ba don kada a faɗa mini. Suka ba ni tsinke biyu, suka ga abin ya gagara, suka kawo cokali. Na haɗiye ƙwan ina salati a zuci. Sai tsohuwa ta buɗe kifi, an turara shi da wani baƙin wake da suke ruɓarwa.

Raliatou, daddawa! Ƙamshin daddawa, a hawa na tara, a garin da ban san kowa ba! Tsakar gidanmu ta faɗo mini gaba ɗaya, da turmi, da igiyar shanya, da ke. Hawaye suka zubo, suka zaci yaji ne, suka miƙo ruwa. Na ci. Ta ƙara, na ci. Akwai albasa a kai, koriya, ina ganinta da idona, ban tsince ko ɗaya ba.

Da laifin ya tsaya nan, da na nemi gafara na yi shiru. Amma tun daga Lyon har Paris ina neman ɗanɗanon miyarki a bakina, sai kifin nan ke zuwa. In na rufe ido na kira miyar kukarki, sai wakensu ya amsa. Yaya ake riƙe abin da ba ya riƙuwa? Wa zan kai wa ƙara, alhali harshena ne ɓarawon? Muryarki tana cikin waya, fuskarki tana cikin hoto, ɗanɗanon hannunki kuwa a bakina kaɗai na ajiye shi, ga shi yana zurarewa ina kallo.

Kada ki yi dariya wannan karon, tauraruwata. Kada kuma ki yi fushi, ba ni da ƙarfin ɗauka. Ƙanen Mounkaila zai taso daga Yamai bayan Sallah. Ki daka mini daddawa da hannunki, ko kaɗan ne, ki ƙulle a tsumman zanenki. Ba zan ƙara rantsuwa a kan abinci ba, na ga iyakata. A kanki kuwa ina nan, yau da gobe, har ranar da za a mayar da ni gida, da ƙafata ko a kafaɗar mutane.

Da na dawo na buɗe akwati, na kwance ledar da kika cusa mini ranar tafiya. Curi talatin na daddawa kika ƙirga. Na yi ta tattali, ba na gutsura sai ran Juma'a. Saura biyu da rabi. Na shinshina su duka, ba wanda ke ƙamshi.

Naki har abada,
Illiassou