Layin Da Nake Tsallakewa

Laraba, 5 ga Maris

An shafa mana toka a goshi a coci, azumin Ista ya kama. Da Fada, limamin cocinmu, ya ce mini "ke turɓaya ce, ga turɓaya za ki koma," saura kaɗan in ce masa na sani, ai da idona na ga an rufe Auta bara. Direban motar burodin yana bayana a layi. Shi da ya ja motarsa da baya bai duba ba, 'yata tana tsugune tana gyara takalmi. Toka ɗaya aka shafa mana. Ikon Allah.

Lahadi, 9 ga Maris

Addu'ar Ubangiji ce ta tsaya mini a wuya. "Ka gafarta mana laifofinmu," wannan ina faɗa. "Kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi," a nan nake kama bakina. Ba zan yi wa Allah ƙarya a gidansa ba. Tun rasuwar ban karɓi Jibin Ubangiji ba, gurasar nan mai tsarki.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ba ta taɓa jiran kowa a addu'a ba, ta ce amin mu muna tsakiya. Yanzu idan na yi shiru a layin nan, ita nake ji tana faɗarsa, da saurinta, da ɗan tsamin bakinta. A coci, a shago, ko keken ɗinki yana gudu. Tsoro nake ji, kuma ba na so ta daina.

Juma'a, 21 ga Maris

Na gaya wa Babansu. Ya ce, "Maman yara, ki je wurin Fada mana." Shi komai Fada.

Talata, 25 ga Maris

Na je. Fada ya ce layin ba rantsuwa ba ce cewa na riga na yafe, roƙo ne a kai ni inda ƙafata ta kasa. Na ce to a ɗauke ni ɗin mu gani. Bai ji haushi ba, sai ma ya ba ni aikin ɗinka ƙyallen shunayya da ake rufe gicciye da shi. Wayon Fada ke nan.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kai ƙyallen. Wa aka sa ya riƙe mini tsani? Shi, direban. Haba! Ya rame, wuyan rigarsa har lilo yake. "Sannu, Mama," ya ce. Na ɗauke kai. Na hau, na ɗaure, tsanin kuwa ko motsi bai yi ba. Da muka gama katikis, mai taimaka wa Fada, ya ce mu yi addu'a mu uku. Yau na fara jin muryarsa kusa. "Ka gafarta mana" ba ya faɗa, shiru yake yi. Sai an zo layina yake ɗauka.

Litinin, 7 ga Afrilu

Wato ba ya ma roƙa wa kansa gafara. Ina ruwana. Na ɓata hannun riga biyu yau.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Yau ranar tuna mutuwar Yesu. Aka yaye ƙyallen, muka bi layi muna sumbatar gicciye. Ya tsaya can baya jikin ƙofa, bai zo ba. Da aka soma addu'ar na juya na harare shi, sosai, har sai da bakinsa ya buɗe ya ce "ka gafarta mana". Ban san me ya sa na yi ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya ban ji Auta ba. Aka zo layin, na kasa kunne, babu ita. Murya ɗaya ce kawai a wurin, tawa, a dishe, a hankali, har matar da ke gefena ta waiwayo ta dube ni.

Ban ce na yafe ba. Kuka na yi har gida, don ta tafi ta bar ni da shi.

Na goge farin zanena na gobe Ista. Dama ya yamutse ne.