Idon Autanki Kafin Wasan Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙani ga yayarsa, tare da girmamawar da furfurata ba ta rage komai a cikinta ba, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi, ya sa sanyin can bai tayar da ita ba. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ce ke gyara wa mai karanta labarai a rediyo magana. Uwar yara ta warke daga murar da ta sha fama da ita, 'yan biyu kuma sun shiga aji uku, sun fara ganin ubansu bai san komai ba. Ni ma ina nan a laburaren kwaleji, ina gadin littattafan da ba wanda ke da niyyar sata.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Yaya, a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, tun muna yara haka kike. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki yau Litinin, don maganar ba za ta jira gidan waya ba. Ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa. Magana ce a kan Autanki, kuma na yi masa alkawarin ba zan faɗa miki ba.

Kin san shi ne golan ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu. Abin da nake zaton bai faɗa miki ba shi ne yadda kakar bana ta kasance. Wasa goma sha ɗaya suka buga, aka ci su tara, suka yi kunnen doki biyu, ɗayan ma don ruwan sama ya tsayar da wasan ne kafin a gama da su. Da farko abin dariya ne. Malamai sukan tambayi juna nawa aka ci mu, ba wanda ke tambayar wa ya ci. Kocinsu, mutumin kirki mai tumbi da usur a wuya, bayan kowane wasa sai ya tara su ya ce sun fi abokan karawarsu iya ƙwallo, raga ce kawai ba ta shaida ba. Na karanta tarihin yaƙe-yaƙe da dama, ban taɓa cin karo da janar da ya sha kashi da kwanciyar hankali irin tasa ba.

Amma dariyar ta daɗe da ƙarewa. Shugaban kwaleji ya sanar cewa in ƙungiyar ta ƙare a ƙasan teburi za a rushe ta, a gina ɗakunan kwana a filin. Tuni masu awo suka zo suka kakkafa turaku masu jan fenti a bayan raga, 'yan wasa suna atisaye suna kewaye su. Tun daga ranar ɗalibai suka canza. Waɗanda ba su taɓa zuwa kallo ba yanzu su ne a gaba, kuma ba waƙa suke zuwa yi ba. Sun sa wa Auta suna Rariya. Wata safiya ya tarar da rariya ta gaske an rataye a ƙofar ɗakinsa, an rubuta lambar rigarsa a jiki. Bayan wasa na goma an jefi motarsu da duwatsu a bakin get, gilashi biyu suka fashe. Gola na biyu, wanda sau ɗaya tak aka saka shi aka zura masa biyar, ya tarar da kekensa a cikin kwata, washegari ya ajiye safar hannunsa ya ce shi karatu ya zo yi. Saura Auta shi kaɗai, saura wasa ɗaya, ranar Asabar, da kwalejin da ke maƙwabtaka da mu. Wanda aka ci shi ne na ƙarshe a teburi.

Duk wannan da shi kaɗai ne da ban dame ki ba. Tagar ofishina tana kallon filin, kuma kin san halina, ba na iya ganin abu ban rubuta ba. Ina da tsofaffin katunan jerin littattafai da kwamfuta ta kora daga aiki, sai na riƙa zana raga a bayansu, ina ɗiga alama a inda kowace ƙwallo ta shiga. Don nishaɗi na fara, in samu abin tsokanarsa in ya zo cin abinci. Ran nan na baza katunan a kan tebur, sai na ga abin da ya hana ni dariya. Daga wasa na huɗu zuwa yau, kusan duk ƙwallon da ta shige shi ta hagunsa ta bi. Ta dama yana tashi kamar kyanwa, yana kama abin da ba a zaci mutum zai kama ba. Ta hagu kuwa sai ƙwallo ta wuce sannan ya waiwaya, kamar wanda aka kira daga nesa. Sai na tuna a wasa na uku wani ɗan gaba ya haɗa masa gwiwa a fuska, ya yi mako guda da kumburarren idon hagu, muka yi ta ce masa ya yi kyau. Kuma ba ni kaɗai na lura ba, Yaya. A wasa biyu na baya na ji kocin abokan karawa yana yi wa yaransa ihu su buga masa ta hagu.

Sai na sa masa ido. Ya zo gida ranar Larabar da ta wuce, uwar yara ta tsaya ta hagunsa riƙe da kofin ruwa. Ta daɗe a tsaye, yana ta ba 'yan biyu labari, bai san tana wurin ba. Da ta yi gyaran murya ya zabura, ya ce Anti ta koyi tafiyar ɓarayi. Kowa ya yi dariya ban da ni da ita.

Na san in na ce ya je asibiti ba zai je ba, don taurin kan gidanmu ya gada, ba sai na faɗi ta wajen wa ba. Sai na ce ya raka ni wajen likitar ido in canza tabarau, wai ba na son tuƙi bayan an ɗiga mini magani. Da muka shiga na ce wa likitar ta duba ɗan rakiya tukuna. Ya harare ni, amma kunyar matar ta sa ya zauna. Ta sa ya rufe idon dama ya karanta allo. Ya karanta layin sama, ya kasa na ƙasansa, sannan ya ce fitilar ɗakin ce ba ta da ƙarfi. Ta tambaye shi ko yana ganin walƙiya ko wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo. Ya ce ƙudajen sun kai wata biyu, ya saba da su har ya kusa raɗa musu suna. Ta tambaye shi inuwa fa. Ya ce akwai wani abu kamar labule a gefe, da can a lungu yake, yanzu ya ɗan matso.

Likitar ba ta yi dariyar ƙudajen ba. Ta ɗiga masa magani, ta daɗe tana haska idon, sannan ta ajiye fitilarta ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce tantanin da ke can bayan ido, wanda shi ke ɗaukar gani, ya yage tun bugun nan, kuma yana ɓamɓarewa a hankali kamar fentin bango da ruwa ya shiga bayansa. Bai kai tsakiya ba tukuna. In ya kai, ko an yi aiki ganin ba zai dawo yadda yake ba. Ta ba shi ranar Alhamis ɗin nan don a yi masa aiki, ta ce kafin nan ba tsalle, ba gudu, ba abin da zai girgiza kansa. Auta ya tambaye ta ko za a iya ɗagawa zuwa Litinin ta sama. Ta tambaye shi me zai yi ranar Asabar, ya faɗa mata. Ta dube shi ta ce aikin gola ai faɗuwa ƙasa ne da gangan, ita ba za ta iya yi masa alkawarin ko faɗuwa ɗaya ba. Ya karɓi takardar, ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun wando.

A mota na yi duk abin da kawu ke yi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo misalai daga littattafai, ya saurara da ladabi kamar yadda ake sauraron tsohon da ba a son a kunyata. Ya ce Kawu ba zai gane ba. In ya janye yanzu, ba wanda zai yarda da maganar ido, za a ce Rariya ya gudu, kuma sunan zai bi shi har ya bar makarantar, in ma an bar shi ya zauna lafiya a cikinta. Ya ce abokansa goma za su shiga fili ba gola, a rushe ƙungiya a kansa. Ya ce minti casa'in ne kawai, kuma ya koyi tsayuwa a karkace yadda idon dama zai hango masa ko'ina. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tsorata ni, don ta nuna ya daɗe da sani.

Na je wajen koci. Ya cire hularsa, ya yi salati, ya share gumi, na ce to ga mai hankali. Sai ya ce zai sa 'yan baya su tsare hagun sosai, kuma ai wasa ɗaya ne, Malam. Na tambaye shi ko zai yarda ɗansa ya buga a haka, ya ce ɗansa ba gola ba ne. Jiya da rana na ga an ƙara kafa turaku, na kuma ga ɗalibai sun liƙa takardu a jikin bangon laburare suna kiran kowa ya fito ranar Asabar, an zana raga da rariya a tsakiyarta. Ta taga na hango Auta yana atisaye. Na ƙirga, sau goma sha huɗu ya faɗi ƙasa kafin na rufe tagar.

Ba yaro ba ne, ba zan iya ɗaure shi ba. Abin da zan iya shi ne jibi Laraba da safe in shiga ofishin shugaban wasanni in faɗi abin da likita ta ce, a hana shi bugawa da ƙarfin doka. In na yi haka labari zai bazu kafin azahar cewa kawunsa ne ya cire shi, ban san abin da ɗaliban nan za su yi ba, kuma na san ba zai sake taka gidana ba. Zan yi, in ya zama dole. Amma gara ya ajiye da kansa, ya tafi asibiti da ƙafarsa, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ke ce masa zauna ya zauna.

Ki gaishe mini da maigida, ki ce masa littafin da ya ara shekara shida ke nan na yafe. Ki gaida babbar 'yarki da mijinta, da jikanyarki mai cewa za ta aure ni, da ƙanin maigida in yana nan. Inna tana gaishe ki, ban faɗa mata komai ba. Uwar yara ta ce in gaya miki tana tare da ke a addu'a.

Ki kira shi yau, Yaya, kira na bidiyo. Kada ki tambaye shi lafiyarsa, zai ce lafiya lau, ya sa ki dariya, ki manta abin da kika kira yi. Ki ce ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama, ya dube ki. Sannan ki tambaye shi nawa ne ya rage a fuskarki.

Wassalam. Ƙaninki mai karya alkawari,
Kawun Auta