Mai Tari Ta Gaji

Zongo, Parakou
20 ga Maris, 1987

Zuwa ga Yayana Hassoumi, a Abidjan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka, Ya ƙara buɗi a kasuwa, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Maiɗakina Rabi'a ta warke daga zazzaɓin da na gaya maka, yara suna makaranta. A Djougou ma lafiya lau, ƙanwarmu Lubabatu tana nan tana kula da Inna. Idon Inna ne dai ya ƙarasa rufewa, yanzu ko hasken taga da ƙyar take ganewa, amma kunnenta da bakinta suna nan yadda ka san su. Atamfar da ka aiko ta iso, ta shafa ta ta sa albarka, ta ce a ajiye a akwati.

Dalilin takardar nan shi ne motarka, 404 mai gazuwal, wato man dizal, da ka bar mini amana shekara tara da suka wuce, wadda Inna ta laƙaba wa suna Mai Tari. Yaya, Mai Tari ta gaji. Ka san aikinta: kullum lodin safe daga Parakou zuwa Djougou, in dawo da yamma, ban da Juma'a. Agogon kilomita ya cika ya koma sifili sau huɗu a hannuna kafin wayarsa ta tsinke, yau shekara uku ke nan, tun daga nan Allah kaɗai Ya san lissafin. Sau uku muna sauke injin. Yahouza, bakaniken nan na bayan masallaci da kuka yi ƙuruciya tare, ya rantse ba zai sauke na huɗu ba, wai babu sauran ƙarfen da za a kankara. Baƙin mai take sha kamar fura, hayaƙinta kuwa har masu sayar da doya a bakin hanya sun san shi. Da safe sai na ajiye ta a gangare, in ba haka ba fasinja ne za su tura. Wancan watan famfon gazuwal ya ƙi a gadar Bétérou, ɗauke da mata shida da kwandunan cukun wagashi za su ci kasuwa. Muka wuni a rana, kasuwa ta watse, na sha zagin da ban taɓa sha ba, kuma da gaskiyarsu. Yanzu in layina ya zo a tasha, sai ka ga mutane sun tuna suna da fitsari, su jira motar da ke bayana.

Na san ra'ayinka, tun muna yara kake cewa motar da ba ta gazuwal ba abin wasan yara ce. To ka yi haƙuri, mai fetur na yanke shawarar saye. Tun da aka buɗe iyakar Najeriya bara, fetur ke shigowa ta Nikki, kowane lungu ga kwalabe a kan tebur, da sauƙi ƙwarai. Famfon gazuwal in ya lalace sai an kai shi Cotonou, mota ta yi sati biyu a kwance, ita kuwa mai fetur kowane bakanike a gindin mangwaro zai buɗe kafireta ya hura ya mayar. Ban ce ba ta da aibu ba. Ta fi shan mai, injinta ba zai yi tsawon ran na Mai Tari ba, man kwalba sai an tace da ƙyalle, kuma in aka sake rufe iyaka zan ji a jikina. Duk na auna wannan, na ga gara motar da za ta tashi da safe.

Mota uku na duba. Ta farko 'yar Japan ce a unguwar Ganou, kyakkyawa, amma da na tambayi kayan gyaranta sai aka fara ambaton zuwa har Lomé, na yi sallama. Ta biyu kuwa za ka yi dariya in ka ji mai ita. Kamarad Iliassou ne, wanda ya kai ƙararka kwamitin unguwa kan maganar nan da ka yi a tasha, har ka tattara ka bar gari. Shi da ƙafarsa ya zo gidana yana tallan ƙaramar motarsa, wai abubuwa sun yi tsauri a ofis. Ya rame, furfura ta cika masa kai, ya daina ɗaga hannu yana kirarin juyin juya hali in zai gaisa, salamu alaikum yake yi kamar kowa. Har ya tambaye ni lafiyarka, ya ce wai me ya hana ka zuwa ganin gida. Motar tasa cikinta ƙasa-ƙasa ne, damina ɗaya hanyar Djougou za ta cinye ta, don haka na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Na faɗa maka ne don ka san babu mai riƙe da maganarka a garin nan, kowa ta cikinsa yake yi.

Ta ukun ita ce ta kwanta mini: 504 mai kujera layi uku, haɗin Kaduna, ta Alhaji Labaran abokin marigayi Baba. Takardun duwan, wato kwastan, cikakku ne, Yahouza ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana murmushi, abin da na manta rabon da in gani. Alhaji ya miƙo makulli ya ce in gwada ta har Djougou. Murɗa ɗaya ta tashi. Na riga lokacina da kusan awa guda, babu wanda ya sauka ya tura, wata tsohuwa ma har barci ta yi a baya. Na sauke fasinja a tasha, na nufi gidan Inna ina jin kaina kamar sabon ango.

Ka san al'adar Inna, ko da yake ba ka gani da idonka ba. Tun ina kwanar masallaci take jin Mai Tari, kafin in tsaya ta lallaɓo da bango ta iso bakin zaure. Shekara tara ban taɓa zuwa na tarar ba ta tsaye a nan ba. Ran nan na tsaya, zaure wayam. Na shiga har ɗakinta na yi sallama, ta firgita, ta ce da ƙafa na zo? Na yi mata bayani, na riƙo hannunta na fito da ita. Ta shafa motar tun daga gaba har baya, sannan ta ce in tayar ta ji. Na ce Inna ai a tashe take. Ta kara kunne, ta ce to wannan ba ta magana. Ta tambayi ina motar Hassoumi. Na ce tana Parakou, kuma sai an sayar da ita abin hannuna zai kai ga wannan, akwai mai injin niƙa a Tourou da ke son injinta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi amana ba a sayar da ita sai da bakin mai ita, ta juya ta koma ciki.

Lubabatu ce ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce kullum in Inna ta ji ƙarar, ba cewa take ga Soumaïla ba, cewa take ga motar Hassoumi. In ta tsaya a zaure kuma ba gaisuwata take jira ba tukuna, ƙofofi take saurare. In ta ji an rufe ɗaya sai ta ɗan dakata ko za a rufe ta biyu, in ba ta ji ba sannan ta ce mini sannu da hanya. Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka tsufa ne ke sa ta jinkirin amsawa. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, abin ya yi mini ciwo. Ni ke shan ramukan hanyar nan kullum, ni ke kawo magani da cefane, ashe kai ake fitowa tarye. Na dawo Parakou ina jin haushinka, na kwana biyu ban iya ɗaukar alƙalami ba. Rabi'a ce ta ce mini ai wanda ake gani kullum ba a jiransa, in bar fushi in rubuta. Na huce, amma na ce sai ka sani.

Ga yadda muke ciki. Alhaji Labaran ya bar mini 504 ina aiki da ita har a ga watan azumi, saura kamar kwana arba'in. Ranar ko in kammala ciniki ko in mayar masa da makulli, don akwai wani mai so. Mai Tari kuwa kat giris ɗinta, takardar mallakar motar, da sunanka yake, ba ta sayuwa sai da sa hannunka. Sati biyu ke nan ina zuwa Djougou da sabuwar, kuma Inna ba ta sake fitowa zaure ba ko sau ɗaya. Na gwada danna odar mota daga kwana, ta ce odar kowa iri ɗaya ce. Lubabatu ta ce wannan 'yar tafiyar daga ɗaki zuwa zaure ita ce kaɗai tafiyar da take yi a wuni, yanzu in ba alwala ba ba ta tashi, abincin ma sai an matsa mata. Wannan ya fi maganar mota damuna.

Hanya biyu ce. Za ka iya yin takardar wakilci ka sa a buga mata hatimi ka ba mai kawo maka wannan wasiƙa, zan karɓa, ciniki ya faɗa, ba zan ce komai ba. Ko kuma ka zo ka sa hannu da kanka. Na tambayi Yahouza tsakani da Allah ko saura tafiya nawa a jikinta, ya ce in an lallaɓa, ba lodi, za ta kai Djougou sau ɗaya, na biyu bai yi alkawari ba. Don haka na jingine ta a gangaren bayan masallaci, na rufe da tamfol, na cire batir na ajiye a ɗaki. Ban yarda kowa ya taɓa ta ba. Wannan tafiya ɗayar na ajiye maka ita. Ka sanar da ni ranar da jirgin ƙasan Cotonou zai sauke ka a Parakou, mu samu masu turi, kai ka riƙe sitiyari in kana so.

Ka gaishe mini da maiɗakinka Kadidjatou da yara, waɗanda har yau kakarsu ba ta shafa kansu ba. Rabi'a tana gaishe ku, Lubabatu tana gaishe ku, Alhaji Labaran ya ce in gaishe da ɗan abokinsa. Yahouza ya ce ka taho masa da hula, wai ladan jinyar shekara tara. Inna ban gaya mata na rubuta ba, ba na son in sa mata rai da abin da ba a hannuna yake ba. Abu ɗaya zan tuna maka: ƙofar direba tana rufuwa da sauƙi, amma ta dama ta yi tauri, sai an buga ta da ƙarfi. Duk wadda ka fito ta cikinta, ka buga da ƙarfi, za a ji daga zaure.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya kai mu azumi lafiya.

Ni ne ƙanenka,
Soumaïla