Hatimin Yaya Bok-rye

Mokpo, 6 ga Maris

Ƙanena Man-sik,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali? Ɗiyata ta sauka lafiya, namiji. Ina nan wajenta a birnin Mokpo ina ɗura mata miyar ganyen teku ta masu jego har ta fara yi mini tsaki.

Jiya matar Gu, uwar ɗaya daga cikin ɗalibanka, ta bugo waya, wai jirgin ruwan makaranta yana nan a kan yashi, yara bakwai na ƙaramin tsibiri ba su ga aji ba tun da aka koma hutu. Na ce mata ƙarya take. Kuɗin makaranta na bana ba sa fita sai da hatimin hedimasta da na shugabar kwamitin iyaye, wato kai da ni. Nawa kuwa da hannuna na ba ka ranar da zan taho, don ka buga a takardar sayen sabon injin jirgin. To me ya tsaya?

Yayarka,
Bok-rye

11 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, barka da samun jika.

An buga hatimin, amma ba a takardar inji ba. An sayi allunan lantarki na aji shida. Ki fahimce ni. Ofishin ilimi na lardi kayan zamani yake dubawa kafin ya yanka kason baɗi, ba ya duba jirgi. Yara tamanin ne a nan babban tsibiri, bakwai a can. Iyaye sun san teku, amma rabon kuɗin makaranta aikin waɗanda suka karanci abin ne. Da na tambaye ki, da kin ƙi.

Ƙaninki,
Pyo Man-sik, Hedimasta

19 ga Maris

Hedimasta,

Ina gaisuwa, tunda haka aka koya mana.

"Da na tambaye ki, da kin ƙi." Ashe ka sani!

Na dawo, na tsallaka ƙaramin tsibiri. Matar Gu ta ɗora mini takardar sayen allunan a cinya, ga jan hatimina raɗau a ƙasa. Ta ce, "Haba Iya! Mu da muka zaɓe ki don ke tamu ce? Lallai da ɗan gari akan ci gari." Iyali biyu sun fara ɗaure kaya za su bar tsibirin.

Shekara shida ina tuƙa ka da hannu a kwalekwale daga ƙaramin tsibirin zuwa makaranta a wannan mashigin teku, kana gyangyaɗi a kan jakarka, ni da ban taɓa zama a aji ba. A lokacin kai kaɗai ne, kuma ba wanda ya ce yaro ɗaya bai kai a tuƙa masa jirgi ba. Ka ci amanata, Man-sik, ka kuma ci ta da sunana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Bok-rye

21 ga Maris

Yaya,

Barka da dawowa. Don darajar iyayenmu, kada ki kai maganar nan taron iyaye. Buga hatimin wani laifin kora ne, ni kuma saura mini shekara biyu in yi ritaya. Ki ce ke kika buga. Baɗi zan sayi injin, na rantse.

Ƙaninki da kika goya,
Man-sik

23 ga Maris

Ƙanena,

Na ga saƙonka. Baɗi wa za ka ɗauko da injin? Iyalin Gu ma sun tashi daga tsibirin yau da safe.

Taron Litinin ne, ƙarfe goma. Zan faɗi wanda ya buga. Ka zo ka ji daga bakina, ba na so ka ji a bakin wani. Ka karya kafin ka fito, zaman zai yi tsawo.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Bok-rye