A Bar Markus Ya Kauce wa Mashin Ɗana

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Gasar Wushu ta Paris,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka. Sunana Lawali, malamin lissafi, mazaunin Vaulx-en-Velin. Ni ne mahaifin Nasiru, wanda sunansa ke cikin takardar shiga gasa da kuka mayar makon jiya. Allah ya karɓi abinsa wata huɗu da suka wuce, yana da shekara ashirin da uku.

Na ɗaya. Takardar ta mutum biyu ce, na biyun shi ne Markus, Ba'amurke. Tun yana yaro ya fara wushu, wasan nan na dabarun faɗa, a ƙasarsu, ya ci lambobin yabo, sannan ya ji mummunan ciwo a gwiwa, likitoci suka ce ya haƙura. Bai haƙura ba. Karatu ya kawo shi garin Bron da ke kusa da mu, ya gamu da ɗana a zauren atisaye, suka haɗa wasan nan na mutum biyu wanda ake tsarawa taki bayan taki: Nasiru da mashi yana kai suka, Markus babu makami yana kaucewa. Shekara uku suna goge shi. Da shi suka yi na ɗaya a Lyon. Gasarku ita ce ta ƙarshe ga Markus, domin gwiwar ta gaji. Ya roƙi ya yi nasa rabin shi kaɗai. Amsarku layi biyu ce: ƙa'ida ta ce mutum biyu, ya nemi wani abokin wasa. Ko kalmar ta'aziyya babu.

Na biyu. Ba ni da ja da ƙa'ida. Amma da kun tambaya, da an faɗa muku Nasiru bahago ne, kuma a kan hagunsa aka gina wasan tun daga farko har ƙarshe. Tsinin mashin yana wucewa ne dab da ido. Ba a sauya hannu a irin wannan cikin mako ukun da suka rage kafin gasar.

Na uku, wannan kuwa laifina ne. Ban taɓa zuwa kallon ɗana ba. Tsalle-tsalle nake kiran abin. Sau da yawa ya ajiye mini tikiti a kan teburi, na ce ina da takardun ɗalibai da zan duba.

Ranar Asabar Markus ya zo gidana, ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya gaishe ni da 'yar Hausar da Nasiru ya koya masa, ya kai ni zauren. Ya tsaya a tsakiyar shimfiɗa, ya dunƙule hannu ya rufe da tafin ɗayan kamar yadda suke gaisuwa, ya gaida wurin da babu kowa. Sai ya fara.

Ranka ya daɗe, na ga ɗana! Markus ya sunkuya, ya karkace, ya faɗi da baya, ya tashi sama, mashin da babu shi yana bin sa. Aikina ke nan: nuna mini inda mutum ya kauce, in faɗa maka inda mashin ya bi. Na ga tsawon Nasiru. Na ga gaggawarsa. Kowace suka daga hagu take zuwa, hagun nan da na sha bugewa a bakin kwano yana ƙarami! Ban san na miƙe ba, ban san ina kiran sunansa ba, ni da ban ɗaga murya ba ko ranar jana'iza.

Ga abin da nake roƙo. Ku ba Markus shimfiɗar na minti ɗaya, ba maki, ba lamba, tsakanin zagaye da zagaye. Mai sanarwa kuma ya kira sunaye biyu kamar yadda suke a takardar, kada ya tsallake na farko.

Na riga na karɓi tikitin jirgin ƙasa na Paris, tun ban ji amsarku ba. Zan zauna a sahun gaba, gefen da Nasiru yake shigowa. Na makara shekara uku, ina roƙo kada ku sa in tarar an rufe.

Allah ya yi muku jagora, ya raya muku 'ya'yanku, ya ba ku ikon kallonsu tun suna gabanku.

Wassalam.

Lawali, mahaifin Nasiru
Vaulx-en-Velin