Na Sa Ɗan Masu Masaukina a Rukunin da Ba Nasa Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, iyaye da yayye da sa'o'ina. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake yi wa kaina kullum ya fi duk wanda za a rubuto mini. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni 'yar Achida ce, ɗaliba a kwalejin horon malamai. Wannan zangon aka tura mu koyon koyarwa, ni aka jefa ni wata firamare a gefen Goronyo, aka ba ni aji uku. Ban san kowa a garin ba sai Inna Balki, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata, ita ce ta sauke ni. In na ce ta sauke ni ma na rage mata. Ɗakinta ta kwashe ta ba ni, in na ɗauki tsintsiya ta ƙwace, in na nufi murhu ta kore ni, wai ita ba za a ce 'yar ƙawarta ta zo karatu ta mayar da ita 'yar aiki ba. Har ƙiba na yi a gidan nan, ni da ake tsokana a makaranta da siranta. Mijinta Baba Alhaji dillalin albasa ne, mutum mai zafi, in yara suka ji gyaran muryarsa a zaure kowa sai ya natsu, amma ni tun ranar farko Malama yake kira na. Autansu Junaidu a ajina yake. Shi ke ɗaukar mini jaka kowace safiya, muna tafe yana ba ni labarin tantabarunsa.

A kwaleji an koya mana cewa yaran da ke zaune a aji guda ba matakinsu ɗaya ba, don haka kada malami ya tsaya gaban allo ya zuba musu abu guda kamar mai watsa wa kaji tsaba. A gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga inda ya tsaya, a fara masa daga nan. Na zo da abin nan da zafinsa, ina jin kaina kamar ni zan gyara duniya. Malamar ajin, Malama Rifkatu, 'yar Zuru ce da ta daɗe a makarantar, ta ce in gwada, za ta taya ni. Muka shirya raba yaran rukuni uku na awa guda kowace safiya: 'yan harafi da ba su gama gane baƙaƙe ba, 'yan kalma masu iya haɗawa, da 'yan labari masu karanta shafi. 'Yan harafi suna zama a baranda kan tabarma, da murafen kwalba da muka rubuta wa haruffa, suna jerawa suna rubutu a ƙasa.

Ranar gwaji na zauna a bakin ƙofa ina kiran su ɗaya bayan ɗaya. Junaidu yana tsaye kusa, ya ji yara da yawa sun karanta ɗan labarin da na rubuta a kwali. Da na kira shi na nuna masa haruffa, ya gane kaɗan, sauran ya yi ta canka. Na nuna masa kalma, ya kasa karantawa. Nan ya kamata in tsaya, haka ƙa'idar take. Amma sai na miƙa masa kwalin labarin. Ya riƙe ya zuba shi tas daga farko har ƙarshe, idonsa kuwa yana kan fuskata, ko sau ɗaya bai sauka kan kwalin ba. Hadda ce, na sani, ko makaho ya ji ya san hadda ce. To amma me ya zo mini a rai? Fuskar Inna Balki. Da wane baki zan koma gida da azahar in ci tuwonta, in ce mata ɗanta yana cikin masu wasa da murafen kwalba a baranda? Ga kuma abin da ita da kanta ta taɓa gaya mini, cewa Baba Alhaji ya cire yayan Junaidu daga makaranta a aji huɗu ya kai shi gonar albasa, don ya gwada shi karatu bai iya ba, ya ce ba zai ci gaba da ɓata lokacin yaro ba. Sai kawai na ce, “Madalla, Junaidu, je ka wurin 'yan labari.” Na ce wa kaina kara na yi, zan gyara daga baya a hankali ba tare da kowa ya sani ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna ta tarye ni a tsakar gida ta kama hannuna, ta ce, “Ɗiyata, mi nike ji? Wai Junaidu shina cikin manyan aji? Allah shi yi miki albarka, Allah shi ba ki miji nagari.” Ranar zabo ta yanka. Na zauna na ci kamar ban san abin da na yi ba. Da yamma Baba Alhaji ya kira ni zaure ya ce, “Malama, ashe wanga yaro ya iya karatun boko? To alhamdu lillahi. Na gaji da kai wayata ga ɗiyan mutane suna jin sirrina.” Shi Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami sarai, boko ne bai yi ba, kuma direbobi da masu sayen kaya suna yawan turo masa saƙo a rubuce. Tun daga ranar, saƙo na shigowa sai ya ƙwala wa Junaidu kira. Ni kuma na zama inuwar yaron. In ya karɓi waya sai ya ce bari ya je wurin haske, ya biyo ta ƙofar ɗakina, in leƙa in raɗa masa, ya koma ya faɗa wa ubansa da murya kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Ni da aka turo in koyi koyarwa, abin da na ƙware a kai ke nan.

Za ku ce me ya hana ni koya masa a gida? Na gwada. Gidan yawa ne, babu lungun da ido ba ya kaiwa. Wata rana bayan la'asar na zaunar da shi na fara rubuta masa baƙaƙe a ƙasa, sai ga Inna da faranti a hannu ta tsaya a kanmu ta ce, “Ke ɗiyata, wanga ba karatun 'yan aji ɗaya ba ne? Ai ya wuce nan. Bar shi shi huta, kak ki gajiyar da kanki.” Na yi dariyar yaƙe na ce wasa muke yi. Na share da tafin hannuna, ban kuma ƙara ba.

A aji kuwa abin tausayi. 'Yan labari suna karatu suna amsa tambayoyi a rubuce, shi yana tsakiyarsu yana motsa baki, yana kwafar na kusa da shi kamar mai zana hoto. In za a yi karatu ɗaya bayan ɗaya sai in aike shi ɗebo alli. Yaran baranda kuma, waɗanda na ji kunyar haɗa shi da su, sai ga shi suna ta gaba. Akwai abokinsa Sani, wanda ranar gwaji Junaidu ma ya fi shi gane haruffa. Kafin tsakiyar zango Sani ya haɗa kalmar farko da murafen kwalba, ya tashi yana tsalle, muka ɗaga shi zuwa 'yan kalma aka yi masa tafi. Washegari muna hanyar makaranta babu labarin tantabaru, can Junaidu ya ce, “Anti, ki mai da ni wurin su Sani mana. Su suna koyo.” Kun san abin da na ce masa? Na ce, “Kai ba ka son girma? Ka san abin da Baba zai yi in ya ji an mai da kai baya?” Yaro ya roƙe ni in koya masa karatu, ni kuma na tsoratar da shi da ubansa don in rufa wa kaina asiri. Bai sake tambaya ba.

Malama Rifkatu ba yarinya ba ce, ta gane. Ta ja ni gefe lokacin hutun tara ta ce, “Ƙanwata, na san a gidansu kike zaune, ban ce ki yi rashin kunya ba. Amma ke za ki gama ki tafi, shi kuma da wannan zai shiga aji huɗu.” Ta ce ko yau na yarda ta mayar da shi baranda da bakinta, ba sai na ce komai ba. Na roƙe ta ta ƙara mini lokaci, don na san kafin a tashi yara sun kai labari gida. Ta dube ni kawai ta ce to. Na so a ce zagina ta yi.

Sai ga abin da nake tsoro ya faru. Na je Achida ganin gida a ƙarshen mako, ya zo daidai da ranar kasuwa. Direban da ke ɗaukar wa Baba kaya ya kira bai samu ba, sai ya turo saƙo cewa motarsa ta lalace a hanya, a nemi wata. Aka miƙa wa Junaidu waya, babu ni. Yaro ya ƙura wa rubutu ido, ya ce, “Baba, yac ce shina tahe.” Buhunan albasa suka wuni a rana ana jiran motar da ba za ta zo ba. Da direban ya iso daga baya ya yi rantsuwa ya sanar, ya ce a kira kowa ya duba wayar, Baba ya ce ɗansa na cikinsa ya karanta masa, ba zai kai wa wani ya ƙaryata shi ba. Ya sallami mutumin da suka daɗe suna hulɗa, bawan Allah da bai yi laifin komai ba. Da na dawo Inna take ba ni labari tana tsine wa direbobin zamani, ni kuma ina gyaɗa kai. Na buɗe baki sau biyu in faɗa mata gaskiya, sau biyun tana tura mini kwanon fura gabana tana cewa in sha na rame.

Yanzu Baba ya yanke cewa da an yi hutu Junaidu zai riƙa bin sa kasuwa, ya zauna kusa da shi yana karanta masa saƙo. Hutu kuwa ya matso, kuma da shi zamana a garin zai ƙare. Wa zai raɗa masa a tsakiyar kasuwa? Ranar da asiri zai tonu, a gaban abokan cinikin ubansa zai tonu, kuma na san Baba, duka ne zai fara, gona ta biyo baya. In kuma na je na faɗa yanzu, wa ya ba ni tabbacin ba gonar ce dai za ta biyo ba? Yaron ya daina cin abinci sosai. In waya ta yi ƙara a aljihun Baba sai in ga ya zabura ya nufi bayi. Inna ta ce ciwon shawara ne, tana ta jiƙa masa saiwoyi.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku, jiya ne. Ana cikin awar rukuni na duba ban ga Junaidu a bencinsa ba. Na fita na zagaya bayan aji, sai na same shi tsugune a gindin bango, daidai inda ake jin muryar Malama Rifkatu tana ja wa 'yan harafi baƙi. Tana faɗa yana maimaitawa a hankali, yana zana harafin da yatsa a ƙasa, wasu a juye. Da ya ga inuwata ya miƙe ya goge da ƙafa. Shi ya riga ni magana. Ya ce, “Anti, ki yahe min. Ran da kinka gwada mu, ban karanta ba, ji na yi wurin yara na hardace. Ni na yi miki ƙarya. Don Allah kak ki hwaɗa ma Baba na ruɗe ki.”

Jama'a, ashe duk zangon nan yaron nan yana ɗauke da laifina a matsayin nasa. Yana ganin shi ya cuce ni. Kuma ko a nan ɗin ban iya ce masa na sani tun ranar ba. Na dafa kansa na ce ya koma aji, na shiga ofis na yi kuka.

Ina jin kunyar Inna Balki, ina tsoron Baba Alhaji, ina tsoron abin da mahaifiyata za ta ji daga bakin ƙawarta, amma duk waɗannan nawa ne, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a cire yaron nan daga makaranta saboda ni, alhali na gani da idona yana son karatun har yana satarsa ta bayan bango. In fara zuwa wurin Inna ne, ko in roƙi Malama Rifkatu da hedimasta su raka ni wurin Baba, ko hakan zai ƙara tunzura shi ya ga an tara masa mutane? Akwai iyaye maza a shafin nan, don Allah ku gaya mini kalmar da uba mai zafi zai ji ya sauke fushinsa a kaina ya bar ɗansa a aji. Shi kuma Junaidu, da zai zo gobe da safe ya tsaya a ƙofar ɗakina yana jiran in miƙo masa jaka, ta ina zan fara gaya masa cewa ba shi ya yi ƙaryar ba?

Don girman Allah, me zan yi?